Ga Ƙoshi Ga Kwanan Yunwa: Hutun Miji Da Mata A Kan Tsaunin Jos

Zancenmu na wannan mako daga cikin gidana ya samo asali, a nan unguwar Ali Kazaure cikin garin Jos.

Ran nan da dare, bayan an ci tuwo yara sun kwanta, sai maiɗakina ta miƙo mini wayarta, ta ce, "Maigida, dubi inda mazan kirki ke kai matansu hutu." Da na duba sai na ga waɗansu 'yan gidaje na dutse a jere, furanni sun lulluɓe bangonsu, ga ɗan rafi yana gudana a gabansu. Na yi dariya na ce ai Fam guda ya daɗe da haura Naira dubu, ga wahalar biza, ga kuɗin jirgi. Ta ce, "To, na ji. Amma tun da aka kawo ni gidan nan, ina ka taɓa kai ni in ba biki ko ta'aziyya ba?" Nan fa bakina ya mutu.

Wannan ƙauye da ta nuna mini sunansa Bibury, a yankin Cotswolds na ƙasar Ingila. Jerin gidajen kuwa ana ce da shi Arlington Row. An gina shi wajen shekarar 1380 don ajiyar ulu, kana a ƙarni na 17 aka mayar da shi gidajen masaƙa. Watau dai ɗakunan talakawa ne masu cin guminsu. Abin da Ingilishi suka yi shi ne, ba su rushe ba, ba su bari ya lalace ba. Suka adana dutsen da rafin da shirun wurin, har ga shi yau miji da mata kan biya kuɗi masu tsoka don su kwana biyu a irin waɗannan gidaje, su hura wuta a murhu, su yi hira ba mai damunsu.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, sa'ad da Ingilishin nan suke mulkin ƙasarmu, in kewar ƙauyukansu ta dame su, nan Jos suke tahowa. Garin yana bisa tsaunin da ya kai wajen mita 1,200, saboda haka iskarsa da sanyinsa sun yi kusa da na ƙasarsu. A 1914 mishan ɗin SIM suka kafa gidan hutu a Miango don ma'aikatansu da zafi ya gajiyar. A 1938 aka buɗe otal ɗin Hill Station. Turawan kuza kuma suka giggina gidajen dutse masu bututun hayaƙi a Rayfield da Bukuru da Barikin Ladi, suka shuka furanni da itatuwa irin na gida.

To, wa ya fasa dutsen? Wa ya ɗauki kwanon ƙasa a ka daga ramin kuza? Kakanninmu ne, Hausawa da Birom da sauran ƙabilu, kafaɗa da kafaɗa. Tsofaffin unguwarmu sun sha ba mu labarin "diban gwamna", lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1942 zuwa 1944, sa'ad da aka riƙa kwaso mutane daga lardunan Arewa ala tilas don haƙar kuza, da yawansu sanyi da yunwa da cuta suka kashe su. Bature yana jin ɗumi a gaban murhunsa, lebura yana makyarkyata a bariki. Sanyin guda ne, amma ga wani hutu, ga wani ajali.

Yau Turawan kuza sun daɗe da tafiya, ƙasar ta zama tamu. Duwatsun Shere suna nan. Gangaren ruwan Assop da na Kurra suna nan. Gidan tarihi da aka buɗe a 1952 da gandun namun dajin da aka kafa a 1972 suna nan. A wajen Vom ana noman dankalin Turawa da sitiroberi. Amma ka tambayi matan aure goma a Ali Kazaure ko Gangare ko Dilimi, nawa ne mazansu suka taɓa kai su ɗaya daga wuraren nan? Wannan shi ne ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

A ganina dalilai biyu ne suka jawo haka. Na farko laifinmu ne mu maza. Mun ɗauka fita shan iska da iyali ɗabi'ar Nasara ce, ko kuwa mu ji tsoron kada a majalisa a ce da mu mijin-tace. Alhali kuwa ya tabbata Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha a kan hanyar tafiya. Mace tana ɗaki ɗaya a gidan haya, daga murhu sai wanki sai raino, shekara da shekaru, ba ta da inda za ta faɗa wa mijinta abin da ke ranta ba tare da kunnen maƙwabta ba. Sa'an nan in aure ya mutu mu ce sammu ne.

Dalili na biyu ya fi nauyi. Tun daga rikicin 7 ga Satumba, 2001, da na Nuwamban 2008, da na Janairun 2010, garin nan ya rabu. Kowa ya san unguwar da zai shiga da wadda zai kauce wa. A 2021 an kashe mutane a ƙauyukan Irigwe na yankin Miango, aka kuma kashe matafiya a hanyar Rukuba. Kowane ɓangare ya binne nasa. Jihar da take wa kanta kirari da gidan zaman lafiya da yawon buɗe ido, ga shi ɗanta na cikin gari yana shakkar ƙauye, na ƙauye yana shakkar cikin gari.

Ban bar maganar maiɗakina ta faɗi ƙasa ba. Ran wata Asabar muka kai yara wurin kakarsu, muka nufi Rayfield. Muka zauna a bakin tafkin nan, wanda asalinsa ramin kuza ne da ruwa ya cika. Muka ci gasasshiyar masara, ta gaya mini abubuwan da ban taɓa sanin suna damunta ba. Amma la'asar na yi, ita da ta nemi hutun ita ta fara cewa, "Maigida, mu koma tun da sauran rana." Ba wanda ya harare mu, ba wanda ya ce mana uffan. Tsoron a cikin zuciyarmu muka taho da shi.

Saboda haka ina kira ga Gwamnatin Jihar Filato da ta gyara tsofaffin gidajen nan na dutse tun ba su zama kufai ba, ta sa musu kuɗin da malamin makaranta zai iya biya, ta kuma tsare hanyoyin zuwa can. Sarakuna da limamai da fastoci su sani, ba a auna zaman lafiya da yawan taron sulhu a otal. Ran da mutumin Ali Kazaure zai kwana da matarsa a Miango hankali kwance, mutumin Miango ya kwana da tasa a Ali Kazaure, ran nan Jos ta warke.

Ku kuma 'yan'uwana magidanta, kada mu fake da tsadar Ingila. Kuɗin Keke Napep da masara biyu ba su fi ƙarfin kowa ba.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya kai mu mako mai zuwa. Wassalam.