Kada malamin ƙauye ya zama raɓa

A kowace shekara, idan watan Oktoba ya kama, gero ya nuna, aka buɗe makarantu, akan ga samari da ƴan mata a tashar Matamaye, kowa da akwatinsa da tabarmarsa da takardar da hukuma ta ba shi. Wani an tura shi wajen Kance, wani Yawuri, wani Kurni ko Tsauni, wani kuma can bakin iyaka wajen Ɗan Barto. Daga nan kabu-kabu ko amalanken shanu ke ƙarasawa da su ƙauyukan da ba su taɓa jin sunansu ba. Su ne malaman da muka danƙa wa ƴaƴanmu. Abin tambaya guda ne: cikinsu nawa za a tarar a bakin aikinsu ranar da ruwan farko ya sauka?

Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Raɓa da safe take, hantsi na yi ta bushe. Kaba kuwa saiwarta na ƙasa, rani da damina tana nan. Muddin malami ya zauna a ƙauye zaman raɓa, Litinin ya iso da azahar, Alhamis ya tattara ya koma birni, to yaran ƙauyen nan sun yi asarar shekara, ko da sunan makarantarsu na cikin littafin sufeto. Saboda haka muke cewa saukar malami ita ce rabin karatun. Wannan sauka kuwa nauyi ce a kan mutum uku: shi malamin, da mutanen gari, da hukumar da ta aiko shi.

Ƙasarmu ta daɗe da sanin malaman sa kai. Tun a 1962, shekara biyu bayan samun mulkin kai, Amurka ta aiko da samarinta na Peace Corps, su 7, domin koyar da Ingilishi. Daga lokacin zuwa watan Janairu na 2011, da aka kwashe su saboda sha'anin tsaro, fiye da 3,000 sun yi aiki a Nijar, da yawansu a ƙauyukan Damagaram. Akwai darasi cikin yadda ake shirya su. Kafin a kai mutum ƙauye, sai ya yi makonni a gidan talakawa yana koyon Hausa ko Zabarmanci, yana cin tuwon da ake ci, a raɗa masa suna irin namu. Masu aiko su sun gane cewa wanda bai iya gaisuwa ba, ba wanda zai saurari darasinsa.

A 1998 kuma gwamnati ta fara ɗaukar ƴan ƙasa da sunan masu sa kai na ilimi, ana ba su jika 35 a wata, domin yara sun yi yawa, kuɗin ɗaukar cikakkun ma'aikata sun yi kaɗan. Su ne daga baya aka koma kira ƴan kwantaragi, har suka zama mafi yawan malaman ƙananan makarantu. Yaron da ya girma a Yamai ko cikin birnin Damagaram, aka ajiye shi a ƙauyen da ba lantarki ba famfo, shi ma baƙo ne, ko da Hausa ce harshen uwarsa. Amma shi ba kasafai ake shirya shi ga zaman ƙauye ba, takarda kurum ake miƙa masa a ce Allah ya kiyaye hanya.

Mu fara da kai, malam. Ranar da ka sauka, kafin ka tambayi inda makaranta take, ka tambayi ƙofar mai gari. Ka tuɓe takalmi, ka gaisa, ka faɗi sunanka da na garinku. Daga nan ka je wa liman, ka je wa malamin allo, domin yaran da za su zo maka da hantsi, wajensa suka yi karatun asuba, wajensa za su koma da dare. In an yi haihuwa ka je barka, in an yi rasuwa ka zauna gaisuwa. Kada ka raina furar da aka kawo maka, kada ka riƙa amsa wa dattijo da Faransanci. Uban da ya gan ka a zaman makokin ɗan'uwansa, da wuya ya hana ka ɗiyarsa ranar rubuta sababbin yara. Ka sani kuma kana zaune cikin mutane masu ilimin abin da suke yi. Manoman Matamaye da Magarya da Mirya su ne suka raya gawo cikin gonakinsu har masana na ƙasashen waje suka riƙa zuwa kallo. Mai noman rake a korama ya san lissafin kuɗinsa sarai. Da ɗan gari kan ci gari: in ka ɗauko misalin lissafinka daga damin gero da tiyar gyaɗa, yara za su gane, iyaye su ga amfani.

Sai ku, mutanen gari. Ku dubi yadda kakanninmu suka riƙe malamin allo. In ya sauka, a ba shi ɗaki, a ba shi gona, a kai masa akushi, a ba shi kuɗin Laraba. Shi ya sa ya zauna, ya yi aure, ya tsufa a cikinku. Mene ne laifin malamin boko da za a bar shi ya kwana cikin aji, yana neman mai ɗebo masa ruwa? Ba wanda ya ce ku biya shi albashi. Ɗaki mai ƙofa, da tulun ruwa, da sakin fuska, sun isa, tun da shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. In malama ce, a sauke ta gidan mutunci, cikin mata, inda iyayenta za su kwana da kwanciyar rai. Kwamitin iyayen yara shi ne ya kamata ya shirya wannan tun kafin baƙon ya iso.

Haka zancen aji. Ƙauyuka da yawa ajinsu rumfar kara ce da zana, kara kuwa ba ya samuwa sai an gama girbi. Sai malami ya iso a Oktoba ya tarar da fili, ya yi ta jira har sanyi ya shigo, ruwan farko kuma ya watsa rumfar kafin a gama shekara. Ba mu manta da gobarar rumfunan makaranta ta Yamai da ta Maraɗi a 2021 ba, inda ƙananan yara da dama suka rasu. Garin da ya iya yin gayya ya gina masallaci da tubali, ya iya gina aji guda da ɗakin malami guda. Ƙasar Matamaye na cikin wuraren da aka fara aikin raya karkara a shekarun 1960, lokacin da manoma suka karɓi awon gyaɗarsu da hannunsu. Jikokinsu ba za su kasa wannan ba.

Daga ƙarshe, hukuma. Ba a cewa mai jin yunwa ya yi haƙuri sau biyu. Malamin da ɗan abin da ake ba shi ya makara, ya ci bashin mai tebur har kunya ta hana shi bi ta ƙofar kasuwa, wane kwarjini ya rage masa gaban yara? In kuma sai ya yi tafiyar yini kafin ya karɓi haƙƙinsa, kwanakin nan daga karatun yara aka yanke su. Wajibi ne a biya shi kan lokaci, kusa da inda yake. Wajibi ne makarantun horon malamai, irin ta Askiya Muhammadu da ke Damagaram, su koya wa ɗalibansu zaman ƙauye kamar yadda suke koya musu riƙon alli. A Damagaram ɗin nan ne aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973, saboda an gane yaro ya fi fahimta da harshen da ya sha a nono. Sufeto kuma, in ya zo rangadi, bayan ya duba littattafai, ya tambayi malam inda yake kwana.

Jama'a masu karatu, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Bana, in amalanke ya tsaya ƙofar mai gari da wani saurayi riƙe da akwati, a fito a tarye shi, a ba shi ruwa, a nuna masa ɗakinsa. Shi kuma ya kwance kayansa duka, kada ya bar rabi a ɗaure. Allah ya ba malamanmu haƙuri, ya ba ƴaƴanmu ilimi mai amfani, amin.