Yawon Buɗe Ido a Birnin Kano da Goyo a Baya

Magidancin da ya ɗebi iyalinsa ran Asabar ko Lahadi don su ga kayan tarihin birnin Kano ya kyauta. Ga ganuwar da Sarki Gijimasu ya aza harsashinta wajen shekara 900 da suka wuce, ga Gidan Makama, ga Kasuwar Kurmi ta zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Sai dai mai tsara yawon yakan manta da mutum guda, wato jaririn da ke bayan uwarsa.

A tsakiyar bazara, wajen watan Afrilu, zafin Kano yakan kai digiri 40. Babba in ya ji ƙishi zai faɗa, jariri kuwa sai kuka. Yana ɗaure cikin zane, an lulluɓe shi da mayafi, ga ɗumin jikin uwa. Likitoci sun ce yaron da bai kai wata shida ba nono kaɗai ya ishe shi, ba a ba shi ruwa. Ashe ke nan uwar ce ke bukatar ruwa da inuwar da za ta zauna ta shayar da shi cikin sutura. Sa mai goyo hawan Dutsen Dala da tsakar rana rashin tausayi ne.

Lalle ne hukumomin da ke kula da waɗannan wurare su tanadi rumfuna da ruwan sha da ɗan ɗaki domin masu shayarwa. Kafin a yi haka, maigida ya fita da iyalinsa da sassafe, su koma masauki kafin azahar. Marinar Ƙofar Mata a bar ta sai bayan la'asar.