WAI BAƊI MA SHEKARA CE



Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a gidajen Sakkwato, daga Mabera har Runjin Sambo, duk sa'ad da jerin sunayen waɗanda jami'a ta ɗauka ya fito. Yaro ya nemi karatun likita bai samu ba, an ba shi wani fanni, sai wani babba a gida ya gyara zama ya ce, "Kada ka karɓa, ka sake rubuta JAMB, ai baɗi ma shekara ce." Da wannan magana nake faɗa a yau. Ni dai a ganina shekarar saurayi ko budurwa ba kuɗin cefane ba ce da za a zubar a ce gobe a sami wani. Duk wanda zai ce wa yaro ya sake zama jarrabawa, to, wajibi ne ya fara yin lissafin lokaci, ya kuma san yadda ƙofar da ake ƙwanƙwasawa take buɗewa. Wanda bai san wannan ba, shirunsa ya fi shawararsa amfani.

Bari mu fara da ƙofar ita kanta. Tun 1978 da aka kafa hukumar JAMB, ita ce mashigar jami'o'in Nijeriya. Mai neman karatun likita yakan rubuta darussa huɗu, watau Turanci da Bayoloji da Kemistiri da Fizis, a kan maki 400, kuma tun 2015 a kwamfuta ake yin jarrabawar gaba ɗaya. Bayan wannan sai ya zo da kiredit biyar daga WAEC ko NECO, waɗancan darussa huɗu da Lissafi, jami'o'i da dama ma ba sa karɓa sai in a zama ɗaya aka same su. Sa'an nan ga tantancewar jami'a ita kanta. Har ila yau jami'o'in tarayya suna raba gurabensu kashi uku: 45 cikin ɗari ga waɗanda suka fi kowa maki, 35 ga 'yan yankin jami'a, 20 kuma ga jihohin da aka bari baya a ilmin boko.

To, amma babban makulli ba ya hannun JAMB, ba ya kuma hannun jami'a. Yana hannun Majalisar Likitoci ta ƙasa, MDCN, wadda ke yanka wa kowace makarantar likita iyakar ɗaliban da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da gadajen asibitinta da ɗakunan gwaje-gwajenta. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975 da sunan Jami'ar Sakkwato, ba ta da ikon tsallake wannan iyaka ko da dukan yaran Sakkwato da Kebbi da Zamfara sun ci maki 350. Ma'anar haka ita ce, jarrabawar nan tsere ce, ba awon hatsi ba ce da za a ce wanda ya cika mudu ya wuce. Makin da ya shigar da wani bara yana iya barin ƙanensa a waje bana. Mai cewa "ƙara maki ashirin kawai kake bukata" yana magana ne kamar sauran masu tseren za su tsaya cik su jira ɗansa.

Sai kuma tarkon lokaci, wanda shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. JAMB takan sayar da fom a farkon shekara, ta yi jarrabawa wajen Afrilu ko Mayu. Jami'o'i kuwa sukan fitar da sunaye kashi-kashi, jeri na ɗaya, na biyu, wani lokaci har na uku, kuma sau da yawa abin yakan ja har ya riski lokacin sayar da sabon fom. Yajin aikin malaman jami'a na 2020, wanda ya ci wajen wata tara, da na 2022, wanda ya ci wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, sun ƙara dagula wannan kalanda. Ga yaro nan zaune tsakanin biyu: in ya jira jerin ƙarshe bai sayi fom ba, sunansa bai fito ba, ya yi asarar shekara biyu a zama ɗaya. In ya sayi fom, ya raba hankalinsa tsakanin jiran jiya da shirin gobe. Shi kuwa sakamakon da ke hannunsa, kome kyawonsa, shekara ɗaya tak yake rayuwa. Wanda ya ci 280 bana bai shiga ba, baɗi shi da wanda bai taɓa ganin ɗakin jarrabawa ba daidai suke.

Mu yi lissafin nan da iyaye ba sa son yi. Yaro ya gama sakandare yana shekara 18. Ya rubuta JAMB sau uku yana zaune gida, ya shiga yana da 21. Karatun likita shekara shida ne in babu yajin aiki, babu maimaita aji. Ga shekara ɗaya ta koyon aiki a asibiti, ga shekara ɗaya ta bautar ƙasa. Kafin ya zama likitan da zai tsaya da ƙafarsa ya doshi 30. Wannan fa shi ne wanda ya dace. Wanda bai dace ba, bayan shekara uku sai ya koma ya karɓi fannin nan da ya raina tun farko, ya tarar abokansa suna ajin ƙarshe. Ita kuwa 'ya mace, kowa ya san abin da zaman gida na shekara biyu ko uku ke jawowa a garinmu: masu neman aure sun yi sallama, dangi sun fara magana, maganar jami'a ta bi ruwa, alhali mu ne ke kukan ƙarancin likitoci mata a asibitocinmu.

Laifin farko na ɗora shi a kan wannan doka ta shekara ɗaya. Ba ni kaɗai na gan ta ba. A 2016 Majalisar Dattawa ta amince da gyaran doka don sakamakon ya riƙa aiki shekara uku, amma abin bai zama doka ba. A 2022 an sake tayar da maganar a Majalisar Wakilai, nan ma shiru. A Amurka, jarrabawar da ake yi don shiga makarantun likita, MCAT, ana iya zamanta fiye da sau ɗaya a shekara, kuma yawancin makarantu suna karɓar sakamakon da ya shekara biyu ko uku. Mu a nan rana ɗaya ce, sa'o'i biyu ne, su ke yanke wa yaro hukuncin shekara. In zazzaɓi ya kama shi a ranar, ko kwamfutar ta tsaya, shi ke nan. Kada a ce ƙari nake yi. A 2025 hukumar da kanta ta yarda cewa na'urorinta sun yi kuskure, shugabanta na lokacin, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya nemi gafara, aka sa ɗalibai kusan 380,000 a Legas da jihohin kudu maso gabas suka sake zama. Na jinjina masa da ya faɗi gaskiya. Amma wannan ya isa ya nuna mana cewa maki ɗaya na rana ɗaya ba wahayi ba ne.

Masu kare dokar suna cewa jarrabawar jera mutane take yi, ba shaidar ƙwarewa take bayarwa ba, saboda haka ba a haɗa makin bara da na bana. Suna kuma cewa in aka bar tsofaffin sakamako suna aiki, masu jira za su yi yawa su toshe wa sababbi hanya. Har ma sukan kawo misalin Ingila, inda jarrabawar neman likita ita ma shekara ɗaya take aiki. Na ji, kuma maganar farko tana da nauyi. Amma daidaita makin shekaru daban-daban aiki ne da masana awon jarrabawa suka daɗe da sanin yadda ake yinsa, ga shi ana yi a Amurka. Magana ta biyu kuwa ba ta tsaya ba. Masu jiran nan ai suna nan tun da, ba su tafi ko'ina ba, fom kawai suke sake saye duk shekara. A Ingila kuma ranakun nema da na amsa a tsare suke, yaro ya san matsayinsa kafin lokacin sabuwar jarrabawa ya wuce. Mun ɗauki tsananinsu, mun bar tsarinsu. Hukumar da ta iya mayar wa baitulmali fiye da Naira biliyan bakwai a 2017 ba za a ce ta rasa halin gyara wannan ba.

Laifi na biyu namu ne, mu iyaye da yayye da kawunnai. Mu faɗa wa kanmu gaskiya: da yawanmu ba warkar da marasa lafiya muke so ba, so muke a ce "ga uban Dakta nan." Mun mai da asibiti kamar likita kaɗai ne a cikinsa. Wanda ya taɓa kwana da majinyaci a Asibitin Koyarwa na jami'ar nan, ko a Asibitin Ƙwararru, ya san cewa likita ba ya motsi sai mai gwajin jini ya kawo sakamako, mai hoto ya ɗauki hoto, mai haɗa magani ya ba da magani, nas kuma ita ce a kan maras lafiya dare da rana. Duk waɗannan fannoni ana koyar da su a jami'ar nan, har da likitan dabbobi, a ƙasar da arzikinta ke tafiya da ƙafa huɗu. Ban ce shigarsu sauƙi ba ce, su ma ana tsere a kansu. Abin da na ce shi ne, wanda aka ba ɗayansu ya ƙi don kawai ba a kiransa Dakta, ya saki reshe ya kama ganye.

Kada a fahimce ni a karkace. Ban hana kowa sake jarrabawa ba. Akwai likitoci nagari da ba su shiga a zaman farko ba. Abin da nake nema shi ne a sake da hankali, ga kuma yadda nake ganin hankalin.

Na farko, ɗalibi ya duba inda ya faɗi. In kiredit ɗinsa ne bai cika ba, ko a zama biyu ya haɗa su, sake JAMB sau goma ba zai yi masa magani ba, WAEC ko NECO ya kamata ya fara gyarawa. In kuwa makinsa ne ya gaza, ya tambayi waɗanda suka shiga bana nawa suka ci. Tazarar maki goma ko ashirin ana rufe ta da ƙoƙari. Tazarar maki ɗari ba a rufe ta da buri.

Na biyu, ya yanke shawara da zarar sakamako ya fito, ba sai jerin ƙarshe ya wuce ba. JAMB tana ba da damar canja fanni ko makaranta, amma damar tana da amfani ne kafin gurabe su cika. Wanda ya zauna yana jiran mu'ujiza har aka rufe, ya rasa likita, ya rasa abin da ke kusa da likita.

Na uku, in lokacin sayar da sabon fom ya zo sunansa bai fito ba, ya saya. Kuɗin fom ya fi shekara araha.

Na huɗu, kada shekarar jira ta zama ta zaman majalisa da yawon kabu-kabu. Akwai shirin IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kula da shi, wanda sakamakonsa ke kai ɗalibi aji biyu kai-tsaye kuma ba ya mutuwa bayan shekara ɗaya. Akwai karatun share fage. Wasu jami'o'i ma suna karɓar mai digirin kimiyya mai kyau ya shiga likita daga baya. Ƙofofin nan ƙanana ne, amma mai tafiya ta cikinsu yana ƙaruwa da ilmi, mai zaman gida kuwa Kemistirinsa zubewa yake yi kullum.

Na biyar, a yanka iyaka tun kafin a fara. A ganina sau ɗaya ya isa a sake, da shiri na gaskiya. In aka yi na biyun bai yiwu ba, a karɓi abin da Allah Ya hore a ci gaba. Kuma duk wanda ya riga ya shiga wani fanni yana son gwadawa, ya nemi sanin ƙa'idar hukumar tukuna, domin tun 2017 da aka kawo tsarin CAPS duk ɗaukar ɗalibai a rubuce take a wuri ɗaya, ba a riƙe gurbi biyu.

Ina da roƙo uku kafin in ajiye alƙalami. Ga hukumomin jami'o'inmu: a riƙa bayyana makin da aka tsaya a kansa a fannin likita kowace shekara, a kuma gama fitar da sunaye kafin JAMB ta buɗe sabon fom, don yaro ya san matsayinsa. Ga wakilanmu na Sakkwato a Majalisar Tarayya: ku farfaɗo da maganar tsawaita rayuwar sakamako, ko da shekara biyu ce. Ga mu ɗalibai kuma, musamman 'yan'uwanmu na Kwalejin Kimiyyar Lafiya da mu 'yan wannan ƙungiya: me zai hana mu shiga Kwalejin Nagarta da Sakandaren Sultan Bello da makarantun 'yan mata, mu yi wa 'yan ajin ƙarshe wannan bayani da Hausa, a gaban iyayensu in da hali? Yawancin asarar nan rashin sani ke jawo ta, mu kuwa da muka sani mun yi shiru.

Jihar nan tana bukatar likitoci, babu mai musu. Amma ba za mu same su ta hanyar tara matasa a zaure suna ƙirga shekaru ba. Baɗi shekara ce, gaskiya ne, sai dai ba ita ce bana ba, kuma wadda ta wuce babu hukumar da ke mayar da ita.

Wannan shi ne ra'ayina. Wanda ya ga ba haka ba, ga fili ga mai doki, shafin mujallar nan a buɗe yake. Allah Ya ba ƙannenmu sa'a, Ya ba mu manya basirar ba su shawara. Wassalam.