Ra'ayinmu: Tsofaffin takardun jarrabawa su kai ƙauyukan Arewa

Jarrabawar BEPC da BAC na zuwa ne a farkon damina, lokacin da iyaye a Dogon Dutsi da Tibiri ke buƙatar hannu a gonar hatsi. Ɗalibin da bai shirya tun cikin bazara ba, ya makara.

Hanya mafi araha ita ce tsofaffin tambayoyin shekarun baya, waɗanda 'yan lakwal ke kira annales. Suna nuna wa yaro yadda ake tsara tambaya da Faransanci, da inda yake da rauni. Amma haddace amsoshi yaudarar kai ce: a sauya lamba ɗaya a lissafi, hadda ta rushe. Ɗalibi ya rufe littafi, ya duba agogo, ya amsa cikin lokacin da aka ƙayyade, sannan malami ya gyara. Ta haka ake kai wa ga maki 10 cikin 20, ba ta hanyar “satar amsa” da 'yan damfara ke tallatawa a WhatsApp ba.

Matsalar ita ce rashin daidaito. Ɗan birni yana da waya da wurin fotokofi. Na ƙauyukan Matankari, Dankassari, Guéchémé ko Koré Maïroua sau da yawa ba shi da ko ɗaya.

Muna kira ga hukumomin ilimi na jihar Dosso su raba waɗannan takardu kyauta ga kowace CEG. 'Yan Arewa mazauna Yamai, Kwatano, Abijan da Legas kuwa, kowa ya ɗauki nauyin fotokofin aji guda a garinsu, kafin ruwan shuka ya sauka.