Kada Ɗalibi Ya Toshe Bakin Kwamfaila

Duk wanda ya taɓa zama da ɗaliban da ke koyon sarrafa ƙananan ƙwaƙwalen na'ura, wato mikrokantirola, a jami'o'inmu da kwalejojin fasaha, zai shaida cewa babu abin da ke sanyaya musu gwiwa kamar jan rubutun da kwamfaila, wato manhajar da ke fassara shiri zuwa umarnin na'ura, ke zubowa sa'ad da ta ƙi karɓar shirinsu, musamman idan mas'alar ta shafi fointar fankshin. A ganina ƙorafin nan nasiha ce, kuma dabarar da da yawansu ke koya ta danne shi ita ce ainihin musibar da ya kamata malamai su ji tsoro.

Fankshin wani yanki ne na umarni da ke zaune a wani adireshi cikin ma'ajiyar na'ura, fointarsa kuwa ita ce ke riƙe da adireshin, domin a iya kiransa a lokacin da mai shirin bai san zuwansa ba. Yaren C, wanda Dennis Ritchie ya tsara a Bell Labs wajen 1972, ya ba da wannan dama, amma da sharaɗi: sai an bayyana irin abin da fankshin yake karɓa da irin abin da yake mayarwa. A allon Arduino, alal misali, wanda ke son na'ura ta katse aikinta nan take idan an danna maɓalli yakan miƙa wa attachInterrupt adireshin fankshin da ba ya karɓar komai, ba ya kuma mayar da komai.

Galibin kurakuran sanannu ne. Wani ya sa baka biyu bayan sunan fankshin, sai ya zama ya kira shi ke nan maimakon ya ba da adireshinsa. Wani ya manta da bakan da ke kewaye tauraro da suna, sai ma'anar jimlar ta juye, kamar yadda wasali guda ke juya ma'ana a nahawu. Wanda ya fi ɗaure kai shi ne na yaren C++, inda fankshin da ke cikin aji yake tafe da wani ɓoyayyen adireshi na abin da ya mallake shi, don haka ba ya shiga gurbin fankshin gama-gari sai an ayyana shi a matsayin static.

To, a nan ne ɗalibin da ranar miƙa aiki ta ƙure masa yakan koma ga kastin, wato ya tilasta wa kwamfaila ta ɗauki fointar a matsayin irin da ba nata ba. Kwamfaila takan yi shiru, domin ya ɗauke mata alhaki, amma wannan shaidar zur ce a gaban alƙali: hukunci ya fita, gaskiya kuwa tana nan yadda take. Ƙa'idar yaren C ta faɗa ƙarara cewa kiran fankshin ta fointar da ba ta dace da shi ba abu ne da ba a lamunce sakamakonsa ba. Haɗarin ya fi tsanani a mikrokantirola, saboda guntun ATmega328P da ke kan Arduino Uno ya raba ma'ajiyar umarni mai kilobait 32 da ma'ajiyar bayanai mai kilobait 2, yana ƙidaya adireshin umarni da bait bibbiyu, na bayanai kuwa da ɗaiɗai; a guntayen ARM Cortex-M kuma wajibi ne bit na ƙarshe na adireshin fankshin ya zama 1, in ba haka ba na'ura ta faɗa cikin kuskure mai tsanani. Babu wata babbar manhaja a ƙarƙashi da za ta tare ɓarnar, kuma idan guntun yana kula da inbata ko famfon rijiyar burtsatse ne, mai gidan da ya biya kuɗinsa shi zai ɗanɗana kuɗarsa.

Masana sana'ar sun daɗe da yin ittifaƙi a kan haka. Ƙa'idojin MISRA C, da masana'antar motoci ta Ingila ta fara fitarwa a 1998, sun hana juya fointar fankshin zuwa wani iri a bugunsu na 2012, sai 'yan wurare da aka togace. Kwamfailar Clang ta 16 a 2023, da GCC ta 14 a 2024, sun mayar da rashin dacewar irin fointar fankshin daga gargaɗi zuwa hani a yaren C.

Saboda haka ina roƙon malamanmu, Allah ya ƙara musu basira, su keɓe darasi guda don karanta saƙon kwamfaila kaɗai: a fara da kuskuren farko, domin sau da yawa sauran 'ya'yansa ne, a gwada irin da aka nema da irin da aka bayar, harafi da harafi, a sanya wa irin fointar suna da typedef don rubutun ya karantu. Su kuma lura cewa manhajar Arduino tana zuwa da gargaɗinta a kashe, tana kuma sassauta wasu kurakuran juya iri a allunan AVR, irin su Uno, zuwa gargaɗi, ta yadda ɗalibi ba zai ga komai ba. Kafin ya rubuta layinsa na farko, a sa shi ya shiga saitin manhajar ya buɗe gargaɗin gaba ɗaya.