Nauyin da Aka Ɗora wa Matan Banki

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, ya ku malamai da fatake, ku sani cewa matar da ke shigowa rumfar attajiri tana roƙon ya kai ajiyarsa bankinsu, ba yawon banza ya kawo ta ba. Nauyi ne aka ɗora mata.

Ga yadda al'amarin yake. A shekarar 2004 Babban Bankin Nijeriya, zamanin Gwamna Charles Soludo, ya wajabta wa kowane banki jarin naira biliyan 25. Da wa'adin ya cika a ƙarshen 2005, bankuna 89 suka koma 25. Tsere wajen neman masu ajiya ya tsananta. Sai a yanka wa ma'aikaci adadin kuɗin da zai jawo, in ya gaza a tsawata masa ko a sallame shi. Da yawa cikin waɗanda ake turawa kasuwa mata ne, wasunsu kuma 'yan kwantiragi ne, albashinsu bai kai na ma'aikatan dindindin ba.

Irin wannan mata takan bar gida da sassafe, ba ta komowa sai bayan magariba, ga miji, ga 'ya'ya, ga girki. Dokar ƙwadago ta ba mai shayarwa rabin sa'a sau biyu a yini, amma wadda ke tsoron kora yaya za ta buɗe baki ta nemi haƙƙinta? Albashi ba ya sayen natsuwa, wanda kuwa zuciyarsa ba ta kwanta ba, ba ya jin daɗin aiki.

Mas'alar riba tana nan, malamai sun yi bayaninta, har an sami bankuna marasa kuɗin ruwa, kamar Jaiz da ya fara aiki a 2012. Amma saɓani a kan aikin banki bai halatta zaluntar mai yinsa ba. Attajirin da ya ga mace cikin matsi, ya sa mutuncinta ya zama sharaɗin ajiyarsa, ya ci amana, kuma zai amsa tambaya ranar hisabi. In zai ajiye, ya ajiye. In ba zai ajiye ba, ya sallame ta da kyakkyawar magana, kada ya yi ta cewa ta dawo gobe.

Wajibi ne shugabannin banki su daina kallafa wa ma'aikata abin da ya fi ƙarfinsu. Malamai kuma su ambaci wannan a majalisin wa'azi, domin attajirai almajiransu ne, suna jin maganarsu.

Allah ya kiyaye mutuncin bayinsa, amin. Wassalamu.