Barcin da Aka Ƙulla Tun Daga Ofis

Duk ranar da ma'aikaci ya afka ƙarƙashin tirela a hanyarsa ta dawowa daga aikin da aka tura shi, magana biyu ake ji a zaman makoki. A fili a ce kwana ne ya ƙare, a gefe kuma a raɗa cewa barci ne ya sace shi. Shi ke nan an wanke kowa. Oga ya zo ta'aziyya da buhun shinkafa, har a sa masa albarka.

Ban musa ƙaddara ba. Tambayata ita ce, wa ya hana shi barcin?

An tashi taro a Abuja bayan la'asar. An ƙi biyansa kuɗin kwana, wai ana tsimi, sannan aka ce lallai a gan shi a ofis a Kano ƙarfe takwas na safe. Tafiyar ta haura kilomita 400. Ya tsaya wurin mai shayi a Tafa, ya ɓare goro a Zariya, ya sauke gilas don iska ta dake shi, ya yayyafa wa fuskarsa fiya wata. Kafin Kwanar Ɗangora ido ya fara rufewa da kansa. Barci ɓarawo ne, goro kuwa bai taɓa zama maigadi ba. Wani bincike da aka yi a Ostireliya aka buga a 1997 ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 idonsa biyu, hankalinsa na dushewa kamar na wanda ya ɗan sha giya. Ogan da zai kori ma'aikaci nan take don ya yi tuƙi a buge, shi ne mai miƙa makulli ga wanda bai runtsa ba.

A Ingila an daina karɓar uzurin nan na cewa barci ne ya sace shi. A watan Yuni na 2013 wasu masu walda biyu na layin dogo suka mutu a hanyar A1, bayan motarsu ta daki wata babbar mota da ke fake. Mai tuƙin, ɗan shekara 20, ya kwana ya yini yana aiki. Kotu ta kama kamfaninsu, Renown Consultants, da laifin sakaci da gajiyar ma'aikata, ta ci shi tarar fam 450,000 a 2020.

Za a ce ai balagagge ne, ya tsaya ya huta mana. Mai faɗar haka bai taɓa jiran albashi da bashin mai shago a wuya ba. Ƙaramin ma'aikaci ba ya iya ce wa oga a'a.

Mu ma muna da dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta shafi har hatsarin da ya auku tsakanin gida da wurin aiki, hukumar NSITF ke riƙe da asusunta. Magada nawa ne suka san da ita? Yawanci buhun shinkafar nan ne kawai ke isa hannun matar mamacin, kuma kuɗinsa ya fi na ɗakin otal ɗin da aka hana mijinta.